Wutsiyar Fim ɗin Habu

Samarin da ke zama a bakin shagona da kwamfutocinsu suna tura wa mutane fim a waya sukan ce min, "Alhaji, ai ku kun ci banza. A zamaninku duk mai son kallo sai ya biyo ta hannunku." Ba na jin haushi. Wanda ya tarar da rijiya a haƙe gani yake ƙasa ce ta buɗe baki don kanta. Amma tunda maganar ta yi yawa, bari in faɗi yadda sana'ar kaset take, kuma in faɗe ta ta kan fim guda, wanda ban ci ribarsa ba, ban kuma manta da shi ba.

Aikina na farko a Kano mayar da kaset baya ne. Na zo cirani daga ƙauyenmu tare da abokina Habu, muka sauka a Fagge. Shi ya kama dako a Kantin Kwari, ni na samu wani dattijo mai bayar da hayar finafinan Indiya. Duk kaset ɗin da aka dawo da ita sai na naɗe zaren ya koma farko, da hannu, don maigida ya ce injin bidiyo ba bawa ba ne. A wurinsa na koyi buɗe inji, da goge kan da ke karanta zare da farar takarda da ɗigon sifirit, da liƙe zaren da ya tsinke ba tare da mai kallo ya lura ba. Na koyi sanin tsawon kaset daga nauyinta a tafin hannu. Bai taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake yi ba. In na ɓata ya yi tsaki, in na gyara ya yi shiru. Daga nan na fara tura baro cike da kaset a Titin Ibrahim Taiwo, har Allah ya ba ni shago a Bata lokacin da finafinan Hausa suka taso.

Abin da samarin yanzu ba su sani ba shi ne, mu diloli ba fim muke saya ba, kwali muke saya. Mai fim zai buga kwalayen da ake saka kaset a ciki, ya buga fosta, ya kawo kasuwa. Kowane dila ya ɗauki yawan kwalin da yake ganin zai iya sayarwa. Shi kuwa asalin fim ɗin, wanda muke kira masta, kyauta ake ba mu, yana yawo daga shago zuwa shago, kowa ya kwafa a kan nasa kaset ɗin. A bayan shagona injina ne jere bisa katako, ɗaya yana karanta masta, sauran suna ɗauka. Ɗakin zafi kamar gidan burodi. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, a koma farko.

Kenan kwalin mai fim ne, kaset ɗin nawa ne. Riƙe wannan, don a nan labarin yake. In fim ya yi kwantai, a mayar wa mai shi kwalinsa, a shafe kaset a ɗora wani fim a kai. Babu dilan da ke barin jarinsa ya kwanta don kunyar wani. Kaset guda takan ɗauki fim bayan fim har hotonta ya fara rawa.

Sanin abin da zai sayu kuwa ba a makaranta ake koyonsa ba. In an kawo min sabon fim ba na zama kallon labari. Ina gudu da shi ne in ga waƙoƙi nawa ne a ciki, wace fuska ce a kwali, falon wa aka ara, wace mota aka nuna. Masu sayena mata ne na cikin gida da ke aiko ƙannensu, da 'yan sari daga Maraɗi da Agadas da Jos, da masu gidajen kallo na ƙauyuka. Duk abu ɗaya suke so: su ga inda ba su taɓa shiga ba.

To, ana cikin wannan sai Habu ya shigo shagona wata ranar Litinin da jaka a hammata. A lokacin ya daɗe da barin dako. Ya bi masu shirya fim yana riƙe musu fitila, ya koma riƙe kamara, har ya san aiki. Ya ce ya yi nasa fim. Ya sayar da babur ɗinsa, ya ari kamara, ya tafi ƙauyenmu ya yi damina guda yana ɗauka.

Na ce, "Darakta, wa ka saka a ciki?"

Ya ce, "Ni da Iro."

"Wane Iro? Iron da na sani, na bayan gidanku?"

"Shi fa."

"Iro ya taɓa ganin kamara?"

"Shi ya sa na saka shi. Bai san ana tsoronta ba."

Na rufe ƙofa rabi, muka zauna, na kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe ban gudu da shi ba, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Labarin abokai biyu ne, kowanne yana da sa guda. Garma kuwa sai da shanu biyu. Don haka duk damina sukan haɗa, yau a yi huɗa a gonar wannan, gobe a ta wancan. Sai aka yi shekarar da hatsi bai yi ba, matar ɗayan ta kwanta ciwo, ya sayar da sansa a ɓoye, kunya ta hana shi faɗa wa abokinsa, ya gudu birni. Aka bar ɗayan da sa guda da gonaki biyu. Habu ne ya fito a wanda ya gudu, Iro a wanda aka bari. Ba waƙa ko ɗaya. Ba falo, ba mota sai akori-kurar da ta ɗauki san. Akwai wurin da aka nuna mace tana tankaɗe dusa don ta sami abin damawa, kamara ta tsaya a kanta har na ji na ƙosa.

Da ya ƙare ya ce, "Yaya ka gani, ɗan Fagge?"

Na ce, "Ya yi kyau. Ba zai sayu ba."

"Mutanenmu ne fa a ciki. Kowane ƙauye akwai Iro."

"Shi ya sa. Wanda ya wuni yana kallon bayan sa ba zai biya kuɗi da yamma a sake nuna masa bayan sa ba. Ka saka waƙa biyu, ka raba shi na ɗaya da na biyu, ka ɗauko fuskar da aka sani ko da gaisuwa ce ta yi ta wuce."

"Waƙar me za a yi a gidan da ba a ɗora tukunya ba?"

"To nuna min kwalin."

Ya buɗe jaka. Shanu biyu ne a jikin kwalin, ɗaure a karkiya, ba fuskar mutum ko ɗaya. Na daɗe ina dubawa. Na ce, "Habu, wannan ai sai a ɗauka maganin dabbobi kake talla."

Bai yi dariya ba. Ya ƙi raba fim ɗin, ya ce ba a yanka labari a tsakiya kamar rake. Tsawonsa ya kusa awa uku, sai doguwar kaset ke ɗaukarsa, wadda ta fi tsada. Diloli kaɗan ne suka karɓi kwali, su ma don ganin idona. Ni na ɗauki mai yawa, na sayo dogayen kaset katan-katan, na ɗiga wa kowacce jan farce a gefe don kada su cakuɗe da gajeru. Na liƙa fostar shanun a gaban shago, inda ake saka manyan taurari.

Mutane suka yi ta wucewa. Wani mai gidan kallo daga wajen Gumel ya sayi kaset guda, ya dawo da ita sati na gaba, ya ce 'yan kallo sun nemi ya mayar musu da kuɗinsu, wani ma ya ce in yunwa yake son gani ai sai ya koma gida. Masu sayenta na gaskiya kaɗan ne, kuma ban taɓa hasashensu ba: 'yan ga-ruwa, masu gadi a Sabon Gari, masu yankan farce, masu wankin hula a Fagge. Mutanen da suka baro gona, birni kuma bai karɓe su ba. Sukan haɗa kuɗi su sayi guda, su kai wa mai shayin da ke da talabijin. Akwai wani ɗan ga-ruwa da ya ajiye kurarsa a ƙofata ya ce, "Alhaji, wanda aka bari ɗin nan, da gaske manomi ne ko? Na ga yadda yake riƙe garma." Na ce da gaske ne. Ya gyaɗa kai ya ja kurarsa. Amma irin waɗannan ba sa riƙe kasuwa. Ruwa na sauka suka watse, suka koma gona.

Sai na yi abin da sana'a ta ce. Na tattara kwalayen na ɗaure, na shafe kaset ɗin, na ɗora wani fim ɗin soyayya mai tashe, na ɗaya da na biyu a haɗe. Ya sayu cikin kwanaki. Yau ma in aka maimaita, haka zan yi. Dila mai tausayin kaya ba ya kai baɗi.

Habu ya zo karɓar kwalayensa ya tarar injina suna aiki. Ya ɗauki kaset guda mai jan ɗigo ya juya ta.

Ya ce, "Nawa ne ake binnewa?"

Na ce, "Kaset ɗina ne, Habu. Ka san ƙa'ida."

"Na sani. Na ɗauka dai za ka sa wani ya yi, ba kai da hannunka ba."

Ya ɗora ɗaurin kwalinsa a kai kamar lokacin da yake dako, ya fita. Bai yi faɗa ba, bai kuma dawo ba. Ya koma ƙauye ya ci gaba da haɗa sa da Iro, don abin da ya nuna a fim dama sana'arsu ce. Mastan kuma ya bi hanyar da masta ke bi, daga wannan shago zuwa wancan har aka rasa a hannun wa ya tsaya.

Wani abu ya biyo bayan shafewar. Inji ba ya goge sai iya inda ya ɗauka. Fim ɗin soyayyar bai kai na Habu tsawo ba, mu kuma ba ma barin inji ya yi ta gudu a banza yana cin man janareto. Yana ƙarewa muke kashewa. Don haka ƙarshen fim ɗin Habu ya rage a ƙasan kowace kaset. Mu a kasuwa wutsiya muke ce wa irin wannan. Wata hajiya ta aiko min da saƙo, wai bayan an ɗaura auren masoyan sai wani baƙauye ya fito yana noma da jaki, shin ci gaban labarin ne? Na ce a gaya mata gyara ne, kyauta.

Muguwar shekararmu ba rana ɗaya ta zo ba. Faifan sidi ya fara korar kaset, muka bi shi, muka sayi wasu injina. Kafin mu mayar da jari sai ga waya da ɗan mimori kamar farce, yana ɗaukar abin da shagona duka bai ɗauka ba. 'Yan sarin Maraɗi suka daina zuwa. Maƙwabtana a layin suka koma sayar da atamfa, wasu takalma, wasu suka koma gida, wasu suka rasu. Layin da da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kiɗa, ya zama sai ƙarar masu ɗinki. Tsofaffin kaset da suka cika min sito, wani mutumin Kura ne ya kwashe su a buhuna. Na tambaye shi me zai yi da su. Ya ce manoman shinkafa ke warware zaren su ɗaura a gona, yana ƙyalli yana kaɗawa, tsuntsaye suna gudu. Na taya shi lodi. Ni na koma sayar da caja da mimori da murfin waya, na ba samarin nan haya a bakin ƙofa. Ban karye ba, amma duk layin ba sauran wanda zan ce wa "ka tuna" ya ce ya tuna.

Bara waccan, gab da faɗuwar ruwa, ina zaune da hantsi sai ga wani tsoho da buhun taki a naɗe a hannu yana karanta allunan shaguna. Sai da ya yi magana na gane shi.

Ya ce, "Ɗan Fagge, ka yi tumbi."

Na ce, "Darakta, kai kuma ka bar haƙora a gona."

Muka gaisa, na aika a kawo masa fura. Ya sha rabi kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Iro ya rasu tun shekarar da ta biyo bayan fim ɗin. Na ji labari a lokacin, na aika da gaisuwa, ban samu zuwa ba. Ya bar matarsa da ciki, aka haifi namiji, ake kiransa Audi kamar yadda ake kiran wanda bai tarar da ubansa ba. Yanzu Audi ya zama magidanci, shi ke haɗa sa da Habu. Bai taɓa ganin fuskar ubansa ba, don Iro bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Kwalin kuma shanu ne. Kaset ɗin da Habu ya tafi da ita gida ruwa ya cinye ta shekarar da ɗakinsa ya rushe.

Ya ce, "Kullum muna huɗa sai ya ce, Baba Habu, wai an ce kun yi fim da shi. Na gaji da cewa ya ɓata. In akwai, ka ba ni. In babu, ka faɗa min in daina sa masa rai."

Na ce, "Masta babu. Fim ɗin duka babu. Amma tashi mu je Sabon Gari."

A Sabon Gari akwai Oga Chidi, mai gyaran bidiyo, haihuwar unguwar, wanda ya riƙe min injina tun ina da baro. Duk kaset ɗin da mai saye ya dawo da ita don ƙorafi, shi nake ba wa yana gwada inji da ita. Yanzu talabijin ɗin bango yake gyarawa, amma mutum ne da ba ya zubar da komai. Ya gan mu ya ce, "Alhaji Sule, ka zo karɓar gawarwakinka ne? Suna nan suna cinye min wuri, ba haya."

Ya janyo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, kyankyasai suka watse. Kaset ne tsirara, ba suna ba komai. Na riƙa ɗaga su ina ajiye marasa nauyi. Can ƙasa na ji mai nauyi, na goge gefenta da babban yatsa, sai ga jan ɗigo.

Zaren ya yi fari-fari da funfuna. Chidi ya duba ya ce, "Wannan sau ɗaya za ta bi ta inji, in ta yarda. In ta tsinke a ciki, kada wanda ya zage ni." Ya tono wani inji a cikin tarin, ya canja masa bel. Ni na karɓi farar takarda da sifirit na goge kan, hannuna bai manta ba. Ban yarda inji ya ja zaren da gudu ba. Na naɗe shi da hannu a hankali, ina share funfunar da auduga, har na wuce inda na ƙiyasta masoyan sun gama waƙoƙinsu. Chidi ya jona injin da kwamfutarsa don ya kama duk abin da ya fito.

Amarya da ango suka fito suna murmushi, rubutu ya hau, hoto ya watse ya koma yayyafi. Habu ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Jira."

Hoton ya yi rawa, ya karkace, ya tsaya. Ga Iro a gona, da hularsa ta saƙi, ya haɗa sa da jaki a karkiya ɗaya. Jakin yana ja gefe, san yana ja gaba, shi yana bin su da ɗingishin nan nasa na ƙafar hagu, yana yi wa jakin faɗa kamar ɗan cikinsa. Sai ga Habu na wancan lokaci, baƙin gashi, haƙora cike, ya dawo daga birni da leda a hannu, ya tsaya a bakin gonarsa da ya gudu ya bari, ya tarar an yi mata huɗa an shuka. Iro ya tsayar da garma, ya share goshi, ya dube shi ya ce, "Huɗar ta karkace, amma taka na fara yi. Ka zo da goro?"

Daga nan zaren ya ƙare, injin ya tofo kaset.

Chidi ya duƙa yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur da ban ga alamar ya ɓata ba. Habu ya ce, "Wannan maganar ba ni na rubuta masa ba. Cewa na yi ya yi shiru kawai."

Chidi ya zuba abin a mimori, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce a gaida yaron. Habu ya ƙulle mimorin a leda, ya cusa a aljihun ciki, ya kama bakin aljihun da fil. A hanya ya ce, "Da ka bar injinka ya gudu har ƙarshe, da babu ko wannan."

Na ce, "Tsadar mai ce ta cece ka, ba kirkina ba."

"Na sani. Ai na san ka."

Na ce ya kwana biyu, akwai ɗaki. Ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma san Audi ba ya ja shi kaɗai. Na raka shi tasha, na tsaya har motar ta cika ta tashi, na dawo shago a ƙafa.

Bayan kaka wani direba ya sauke min rabin buhun gero da saƙon baki. Wai Audi ya kalla a wayar maƙwabci har batir ya mutu, kuma abin da ya fara cewa shi ne, ashe ba a gaya masa ubansa yana ɗingishi ba. Tun daga nan ban sake jin ɗuriyar Habu ba. Ba shi da waya, ni kuma shago ba ya barin mutum.

Kaset ɗin tana nan bisa kanta, bayan cajoji. Ba za ta sake bi ta inji ba. Kwanan baya ɗaya daga cikin samarin ya ɗauke ta yana juyawa, ya ce, "Alhaji, wannan wane fim ne a ciki?" Na ce masa na soyayya ne, ya sayu sosai. Na karɓa na mayar da ita wurinta, jan ɗigon yana kallon waje.